Ƙarshen da Aka Naɗe Tsire da Shi

Talata Mafara,
2 ga Yuni, 1987.

'Yar'uwata Habiba,

Gaisuwa mai yawa, da barka da shan ruwa. Ina fata kun yi salla lafiya, ke da Baba da duk mai cin tuwon gidan nan. Ki durƙusa ki gaishe mini da kakarku Inna, ki ce mata jikar wanta ba ta manta da ita ba. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ƙudan kasuwa. Yaya ƙanwarki Taiba da nauyin jiki? Tun da kuka zo kuka ɗauke mana ita goyon ciki, gidanmu ya yi shiru. Da hantsi nakan ji kamar motsin tsintsiyarta a bayan ɗaki, in leƙa in tarar kaji ne.

Bayan haka, ga littafin da na yi miki alkawari, na ba Mamuda direba. Na Baraka ne, mai buga tafireta a ofishin dam ɗin Bakolori, daga Kano ta zo da shi. Bangonsa ya tafi tun a hannun waɗanda suka riga ni, ko sunansa ban sani ba. Labarin wata 'yar makaranta ce, Rukayya, da wani yaro ɗan aji huɗu, Sanusi. Suna son juna, suka yi abin da bai kamata ba, ta sami ciki babu aure. Aka kore ta daga makaranta, shi kuma tsoro ya kama shi, ya bi wata babbar mota ya ɓace.

Baraka ta ce da za ta ga yaron nan da ta shaƙe shi. Ni kuwa shi ya fi ba ni tausayi, ki yi mini dariya in kin so. Akwai wurin da yake kwance a kan buhunan albasa, mota na tafiya, yana ƙoƙarin zana fuskar ɗan da bai gani ba a cikin ransa. Ko wace fuska ya zana, sai ta fito tasa ce lokacin yana ƙarami. Da na kai nan na ajiye littafin, na yi ta kallon shirwa tana yawo a sama har ruwan da na ɗora ya ƙone.

Kada ki tambaye ni yadda ya ƙare. Kin san halina tun muna firamare: da na ji takardun da suka rage sun yi siriri a hannuna, sai in rufe. Na fi so in bar mutanen suna tafiya a kaina, yau in kai su nan, gobe in kai su can.

Ƙanena Nasidi, mijin ƙanwarki, yana nan a tukubarsa ta tsire a bakin tasha. Bai ce a gaishe da kowa ba, kin san kunyar ɗan fari. Shekara goma sha takwas, gemu bai gama yanke shawarar fitowa ba, wai shi za a kira baba! In aka ambaci Maradun sai ya sunkuya yana gyara wutar da ba abin da ya same ta.

Taki,
Lantana.

*

Maradun,
15 ga Yuni, 1987.

Lantana sarkin mafarki,

Muna amsa gaisuwa. Kowa lafiya, ruwa ya sauka, Baba ya fara shuka gero a 'yar gonar da aka ba shi. Inna ta ce ta ji, amma gaisuwar takarda ba ta cika ciki. Taiba na nan, ƙafafunta sun ɗan kumbura, ungozoma ta ce ba komai.

Littafinki ya hana mu aiki. Kullum bayan azahar muna zama ɓarar gyaɗar iri a inuwar rumbu, ni ina karantawa, Inna da Taiba da maƙwabciyarmu Adda suna saurare. Ranar farko Inna ta tsayar da ni, ta ce, “Ke, ɗiyag ga Rukayya ɗiyar wa ta? Wane gari?” Na ce mata ƙagaggen labari ne. Ta ce ƙarya nake, tatsuniya da baki ake yin ta, abin da aka ɓata tawada aka rubuta ya faru. Har yanzu in ta idar da salla tana sa Rukayya a addu'a.

Ra'ayi kuwa kowa da nasa. Adda ta ce laifin makaranta ne, da yarinyar na gida tana daka da ba ta ga Sanusi ba. Inna ta ce tun kafin boko ake ganin juna a bakin rijiya, kada Adda ta sa ta buɗe baki. Baba ya ji mu daga zaure, ya ce littafin 'yan iska ne, a ƙone shi. Washegari na lura ya matso da buzunsa bakin ƙofa. Ni kuma in gaya miki gaskiya, Sanusinki ragon banza ne. Kwanciya a kan albasa ana zanen fuska ba ta sayen sabulun wanki.

To ga abin da ya sa na rubuto. Jiya muka kai wurin da naƙuda ta kama Rukayya, hadari ya haɗu, an aika neman mota, shi kuma Sanusi yana wata tasha ya ji labari, yana tsaye da ƙafa ɗaya a kan mota. Na juya takarda, sai na ga zare. Lantana, babu ƙarshen! An yage shi tas, har da saita gefen, kamar da wuƙa. Adda ta yi salati, Inna ta jefe ni da ɓawon gyaɗa wai ni na ɓoye.

Dariya muka yi, ban da mutum ɗaya. Taiba duk kwanakin nan ɓara kawai take yi. Da na nuna musu zaren, ta ɗago kai ta ce, “Yaya, ya komo?” Na ce ban sani ba. Ta ce, “Ai ba su komowa.” Ta tashi ta shiga ɗaki.

Kin gane ko? Wata biyu ke nan tana gidan nan, mijinta ko gaisuwa bai aiko ba. Auren nan ba wanda ya tilasta musu, su suka ga juna a bikin Bakura suka hana kowa barci. Ki nemo mana ƙarshen littafi, ki kuma ja kunnen ƙanenki.

Habiba.

*

Talata Mafara,
16 ga Yuni, 1987.

Habiba,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Ina rubuta wannan a tsaye a zaure, Mamuda na jira kafin kasuwa ta watse. A gaishe da Baba da Inna, a shafa mini kan Taiba.

Wallahi ban san an taɓa littafin ba, tunda ba na leƙa bayansa. Amma na gano inda ƙarshen ya shiga, kuma za ki sha dariya. Kafin in aiko miki, na bar shi kwana biyu a zaure. Ashe Nasidi ya ɗauka ya tafi da shi tukuba, ya karance shi, ya yanke takardun baya ya naɗe wa mutane tsire da su. Ƙarshen labarinmu ya watsu a Talata Mafara, kowa ya tafi gida da shafi ɗaya da yaji a jiki.

Yau da safe na bi waɗanda na san ba sa fashin tsirensa. Tela na bakin masallaci ya ce a nasa shafin ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, ba abin da ya faru sai ruwa. Wani mai buɗe ƙofofin ruwa a Bakolori ya ce a nasa yaro na gudu a kan hanya ba takalmi, amma bai san ko zuwa yake yi ko tafiya ba. Ya ce shi dai in ɗansa ne zai karya masa ƙafa sannan ya yafe masa. Malamin asibiti ya adana nasa, ya miƙo mini. Mai ya jiƙa takardar har ta zama kamar gilashin fitila, rubutun gaba da na baya sun hau kan juna. Na ɗaga ta a rana, na ga kalmomi suna iyo cikin juna, ban iya kama ko ɗaya ba. Na daɗe ina kallonta, abin ya yi mini kyau, kada ki zage ni.

Shi mai laifin ba ya nan. Makon jiya a kwata aka yanka wata saniya, shi ke fiɗa, sai aka tarar da ɗan maraƙi a cikinta, ba wanda ya sani. Abu ne da mahauta ke gani, su yi istigfari su ci gaba. Shi sai ya ajiye wuƙa, ya wanke hannu, ya fita. Da yamma ya ɗaure kayansa ya bi Kawu Ɗan Juma Bakura, wai zai taya shi sayen shanu.

Ki gaya wa Taiba kada ta sa komai a ranta. Wane yaro ne mai tarbiyya zai je gidan surukai matarsa da cikin fari a gaba? Ai sai a ce ba shi da kunya. Babanmu ma an ce ranar da aka haife ni gonar wani ya gudu ya wuni yana korar tsuntsaye. Haka maza suke, ba gudu ba ne.

Taki,
Lantana.

*

Maradun,
29 ga Yuni, 1987.

Lantana,

Muna lafiya, alhamdulillahi, in ban da abin da zan faɗa. Inna na fama da gwiwa. Geron Baba ya fito.

Na karanta takardarki a tsakar gida kamar yadda muka saba, ban san abin da ke gaba ba, har na kai wurin Bakura. Da na sani da na tsallake. Taiba ta ji da kunnenta cewa mijinta ya ɗaure kaya ya bi mota. Me kike so ta ɗauka, ita da ta kwana biyu tana jin labarin wani da ya ɗaure kaya ya bi mota?

Batun kunya kuma, ki bar ni da shi. Kunya ta hana shi zuwa, na yarda. Ta hana shi aiko da ɗan kilishi a hannun Mamuda? Ɗan mahauta guda, matarsa na kwaɗayin nama, sai Adda ce ke saya mata balangu ranar kasuwa. Mazan da suka ji kunya kafin shi, baki suka rufe, hannu a buɗe yake.

Taiba ta rage cin abinci. Da la'asar takan ja tabarma bayan gida, inda ake hango ruwan dam, ta zauna. Kin san ƙauyenmu na da yana ƙarƙashinsa. Ba ta fi shekara bakwai ba muka taso, amma ta ce tana tuna komai. Bana kafin damina ruwa ya ja baya har kan tsamiyar ƙofar gidanmu ya fito, farare ƙal rassan, balbelu na sauka a kai. Ta ce mini tana mafarkin ta koma can ta haihu, a ɗakin da aka haife ta. Wai ɗakin na nan yadda yake, gadon kara da tulu da komai, sai dai haske kore ne, kifaye na shiga ta taga suna fita ta ƙofa, kuma ba ta jin nauyin cikin ko kaɗan. Tana faɗa tana murmushi. Ni kuwa ban son wannan mafarki.

Inna ma ba ta taimaka ba. Ta ce duk cibiyoyin gidanmu a bayan wancan ɗakin aka binne su, wannan ne ɗa na farko da za a binne tasa a ƙasar da ba ta san mu ba.

Baba ya yi magana shekaranjiya, kuma kin san ba ya maimaitawa. Ya ce in aka yi suna ba a ga yaron nan ba, ba a ji daga gare shi ba, Taiba ta zauna ke nan, ya je ya auri shanun Bakura. Ina jin tsoro, Lantana. Tana son shi har yanzu, shi ne abin da ke cin ta.

Saura saƙon Inna, ta ce in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara: “A hwaɗa ma Nasidi, ni ba ruwana da matatai, ba kiran suruki ni kai mai ba. Ni ƙanwar kakanai ce. Ya yi man ɓarna, ya yanke man labari ya ba 'yan tasha sun cinye. Shi taho shi biya ni da bakinai, tunda shi kaɗai ya san ƙarshe.”

Habiba.

*

Talata Mafara,
7 ga Yuli, 1987.

Habiba,

Wannan kada ki karanta a tsakar gida. In kina inuwar rumbu, ki ce musu gaisuwa ce kawai, ki tashi ki shiga ɗaki.

Ina gaishe ku duka. Ki yafe mini wancan sakacin.

Na je share tukubar Nasidi, don babanmu zai sa wani a wurin kafin ya dawo. A ƙarƙashin tebur na tarar da damin takardar siminti, irin wadda yake naɗe nama da ita tun ragowar aikin dam, an yayyanka an jera, ta ishe shi har babbar salla. Na tsaya ina kallonta. Mutumin da ke da wannan, me zai kai shi yankar littafin aro?

A ƙasan tiren yaji na sami shafi ɗaya da bai ba kowa ba. Mai bai taɓa shi ba, an ninke shi ƙanana. Shi ne na ƙarshe. Habiba, yau na karya al'adata, na karanta ƙarshen littafi, kuma da ma ban yi ba. Rukayya ba ta tashi ba. Motar ta maƙale a laka, ta rasu a hanya ita da abin da ke cikinta. Sanusi ya iso ana dawowa daga maƙabarta.

Na zauna a kan bencinsa na yi kuka, masu wucewa na zaton hayaƙi ne. Ya ji ni da kunnensa ina cewa Maradun zan aika da littafin, kuma ya san a gidanku ba a karatu a ɓoye. Ya san wa za ta zauna tana ji. Bai iya cewa kada in aika ba, don sai ya ambaci sunanta a gabana. Sai ya yi abin da hannunsa ya iya, ya sa wuƙa ya cire wurin da ya lalace.

Kin san mahaifiyarmu wajen haihuwarsa ta rasu, ita ma ba ta kai ashirin da biyar ba. A gidanmu ba a maganar, shi ma bai taɓa tambaya ba. Ni ina ta kare shi da kunya, ashe tsoro ne ya shige cikin rigar kunya ya zauna. Ban ce ya kyauta ba. Na dai ce ba Taiba yake gudu ba.

Na ba Mamuda saƙon Inna ya kai Bakura, kalma da kalma. Ban ƙara komai ba sai cewa watan haihuwarta ya tsaya. Shafin kuma na sa shi a murhu. Baraka ta ce in biya ta littafinta, na ce ta zo ta ɗebi tsire.

Ki rufa mini wannan a cikinki. Ki rubuto da zarar an sauka.

Lantana.

*

Talata Mafara,
21 ga Yuli, 1987.

Habiba,

Lafiya kuwa? Talata biyu ke nan ba Mamuda, ba takarda. An ce ruwa ya cinye hanyarku wajen kwalbati, mota ba ta wucewa. Kawu Ɗan Juma ya zo kasuwa yau, ya ce Nasidi ya bar Bakura tun makon jiya, shi ya zaci gida ya dawo. Bai zo nan ba.

Tun da na karanta shafin nan ba na iya kai kowa ko'ina a kaina. Da na rufe ido sai in ga mota a laka. Na ba wani mai keke wannan, ya ce zai bi ta gefen magudanar ruwa. Don Allah ko layi ɗaya ne ki ba shi. Ko me ya faru, ki faɗa mini kai tsaye.

Lantana.

*

Maradun,
27 ga Yuli, 1987.

'Yar'uwata Lantana,

Kai tsaye kika ce: mace ce, tana da rai, uwarta na da rai. Yanzu ki sha ruwa ki zauna, in gaishe ki yadda ya kamata. Ina fata kuna lafiya, ke da Baba da mutanen gida. Mai kekenki ya same mu a tsakiyar hidima, ban sami zama ba sai yau da aka gyara hanya.

Naƙudar ta fara ranar Laraba da asuba, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Azahar ta yi, la'asar ta kusa, ungozoma ta fito tana goge hannu, ta ce yarinyar ba ta taimaka wa kanta, ta saki jiki kamar mai son barci. Ga hanya a yanke, ba zancen mota. Ni kaɗai a gidan nan na san abin da ke cikin shafin da kika ƙone, kuma kowane abu na tafiya yadda aka rubuta, har hadarin. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Muna haka sai muka ji kukan rago a bayan katanga. Adda ta leƙa ta dawo tana riƙe da baki. Ƙanenki ne, laka har gwiwa, takalmi a rataye a wuya, yana jan wani farin rago da ya ƙi tafiya. Ashe da ƙafa ya taho daga Bakura, yana kwana a ƙauyuka saboda ruwa da taurin kan ragon. Bai yi sallama a zaure ba, don Baba na ciki. Ya zagayo bayan gida ya tsaya jikin katanga, daidai ɗakin da Taiba take, bai ma san nan ne ba.

Inna ta dogara sandarta ta je ta tsaya ta ciki. Ba sa ganin juna, katanga ce tsakani.

Ta ce, “Wa ke nan?”

Ya ce, “Ni na, Inna. An ce kina kira.”

“Ɓarawon labari. To biya ni. Mi yaf faru da ɗiyar mutane?”

Ina tsaye a ƙofar ɗaki, ido ɗaya kan Taiba. Tun da ta ji muryar ta buɗe ido. Na ce a raina, in yaron nan ya faɗi gaskiya ya kashe mini ƙanwa.

Sai ya fara, kamar mai karatun allo da bai haddace ba. Ya ce motar ta maƙale, haka ne, amma mutanen ƙauye suka fito suka tura ta. Ya ce ashe ma ba a buƙaci asibiti ba, wata tsohuwa ta karɓi haihuwar. Inna ta ce, “Yaron fa?” Ya ce yaron ya sauko daga mota ya yi ta gudu. Ta ce, “Gudun zuwa ko na tahiya?” Ya ce na zuwa. Ya ce tsoro ne ya kore shi tun farko, ba ƙi ba, yana ganin in bai kalla ba abin ba zai faru ba. Wannan ba na jin yana cikin kowane littafi.

“Ita ɗiyar ta tashi?”

“Ta tashi, Inna. Lahiya lau ta tashi.”

“Shi kuma da ya iso mi yay yi?”

Can ya ce, “Ya shiga ya ɗauki ɗan, gaban kowa.”

Ban san abin da Taiba ta ji a ciki ba. Na dai ga ta kama hannun ungozoma ta yunƙura ta durƙusa. Kafin a kira magariba muka ji kukan jaririya. Ruwan da ya haɗu bai ma zuba ba, iska ta kore shi wajen dam.

Da aka wanke ta aka naɗe, Inna ta karɓa, ta ce a shigo mata da mai rago. Adda ta ce haba Inna, ɗiyar fari, a gidan surukai, ai abin kunya ne. Baba ma ya yi gyaran murya daga zaure. Inna ta ce ita ba ta san wannan ba, labari aka biya ta kuma ba a gama ba. Aka turo shi tsakar gida, kai a ƙasa, kamar wanda za a yi wa aski da ƙarfi.

Ta ce, “Kai kac ce ya ɗauka gaban kowa. Miƙo hannu.”

Ya miƙa. Lantana, kin san me ya yi? Da ta sauka a tafinsa sai ya ɗan ɗaga ta sama ya sauke, ya sake ɗagawa, yadda suke kintata nauyin nama. Gidan ya kwashe da dariya, har Taiba daga ɗaki tana dariya tana cewa wayyo cikinta. Shi kuwa hawaye ne ke zuba a kan zanen, ya rasa hannun da zai share.

Binne cibiyar kuwa, Nasidi Baba ya miƙa wa fartanya ya nuna masa bayan ɗaki. Jibi ne suna, ragon na ɗaure a gindin rumbu yana cin ɓawon gyaɗarmu. Ki taho da Mamuda gobe in kin ga wannan da wuri.

Yanzu duk unguwa an san yadda littafin ya ƙare. Adda ta ce ita da ma ta san zai komo. Baba ya ce ashe marubucin na da sauran hankali. Jiya ina tsefe wa Inna kai, mu biyu kawai, na ce mata, “To Inna, kin ji Rukayyarki ta tashi, sai ki huta da addu'a.” Ta ce, “Ke dai yi kitsonki. Wanda labari yai ma daɗi ba ya sa mai wuƙa.” Da ta idar da la'asar na ji ta tana nema wa Rukayya gafara, irin addu'ar da ake yi wa waɗanda suka riga mu.

Taiba ba ta sani ba, kuma ba za ta ji daga bakina ba. Ta ce in tambaye ki, ko za ki yarda a sa wa yarinyar sunan mahaifiyarku.

Taki,
Habiba.